Maigida Bai Ce Ba

Akwai wani ɗan kasuwa a Sabon Birni mai suna Jibrilla. Hatsi yake saye yana sayarwa: gero, dawa da wake. In kaka ta yi ya cika sito, in damina ta yi nisa kaya suka yi daraja ya fitar.

Ban da nasa, yana karɓar ajiya. Manoma da makiyaya daga Kurawa har Turba kan kawo buhunansu su bari a wurinsa, domin tun da ƙauyuka suka rasa kwanciyar hankali mutane ba sa son barin abincinsu a rumbu.

Sana'ar nan gadonta ya yi. Mahaifinsa ya daɗe yana yin ta tare da amininsa Alhaji Ɗanmusa, mutumin Isa, mai manyan motoci. Duk kayan da zai fita daga sito, motar Ɗanmusa ce ke ɗauka. Shi kuma Ɗanmusa, ko wane aiki ke gabansa, in an kira shi daga siton nan sai ya amsa. Yana da ɗakin ajiya a kan tudu cikin Sabon Birni, kuma ƙofarsa a buɗe take gare su duk shekarar da ruwa ya yi ƙarfi.

Da tsohon ya rasu, Jibrilla ya karɓi ragama. Ba rago ba ne, ba kuma macuci ba. Mudunsa a cike yake, alkawarinsa ba ya tashi. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda akwai wanda zai iya yin abu daidai in ba shi ba.

Ya gina ƙaton sito a bakin gari, ta gefen fadama, inda mota za ta samu wurin juyawa. Ya sayi motarsa ta kansa. Ranar da Alhaji Ɗanmusa ya zo ganin ginin, ya duba ƙasar wurin ya ce ba laifi, amma in Agusta ta kama a riƙa rage kaya ana kaiwa tudu kamar yadda aka saba.

Jibrilla ya ji kamar an raina masa aiki. A gaban ma'aikata da 'yan dako ya ce, "Alhaji, abotarku da Baba ta bi shi kabari. Ni kasuwanci nika yi, ba zumunci ba."

Dattijon ya gyara hularsa, ya shiga mota ya tafi.

Tun daga ranar Jibrilla ya kafa doka: kada motar Ɗanmusa ta sake taka filinsa. Ya sa aka yi wa siton ƙofar ƙarfe, aka rufe kwaɗon cikin wani akwatin ƙarfe da guduma ba ta iya kai masa. Mabuɗi guda ɗaya ne na asali, yana aljihunsa. Na biyu yana hannun babban ma'aikacinsa, Is'haƙa.

Wata rana Jibrilla yana Sakkwato, wani tsohon abokin ciniki ya zo daga Nijar da mota yana son wake. An kira Jibrilla ba a same shi ba. Is'haƙa ya ga kada ciniki ya kuɓuce, ya buɗe sito ya sayar a farashi mai kyau, ya adana kuɗin cif.

Da Jibrilla ya dawo bai duba riba ba. Ya tara ma'aikata, ya karɓe mabuɗin, ya sallami Is'haƙa a gabansu.

"Duk wanda ya sake taɓa ƙofar nan ban ce ba," in ji shi, "ba kora kaɗai ba, hukuma za ta raba mu."

Talha, wanda aka ɗora a gurbin Is'haƙa, yana tsaye yana ji. Mutum ne mai iyali da yawa, ga tsohuwa a gida. Maganar ta zauna masa daram.

Aka shiga Agusta. Kwana da kwanaki ana ruwa, gulbi ya cika ya batse. Sito kuwa maƙil yake, domin Jibrilla yana jiran farashi ya ƙara ɗagawa.

Wata safiya ya samu cinikin gero a Isa. Da yake bai yarda direba ya tafi shi kaɗai ba, sai ya kulle sito, ya jefa mabuɗan biyu a aljihu, ya shiga gaban mota. Suna sauke kaya a Isa sama ta sake ɓarkewa, ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Kafin azahar suka kamo hanyar gida. Ba su yi nisa ba suka tarar da motoci sun yi layi, mutane sun fito cirko-cirko. Ruwa ya cinye wani kwalbati, ya yanke titi gida biyu. Jan ruwa ne ke wucewa da ƙarfi, yana tafe da itatuwa da karan gonakin mutane. Ko mai kwalekwale ya ce ba zai saka jirginsa ba sai ya lafa.

Jibrilla ya tuna sitonsa. In nan haka yake, to ina ga fadama?

Ya ciro waya, ba sabis. Ya hau saman motarsa, ya ɗaga wayar sama yana juyawa cikin yayyafi. Can sai ta yi ƙara. Talha ne.

"Maigida! Tun hantsi nika nemanka!"

"Mi ya faru?"

"Ruwan fadama ya shigo fili. Ya haura dokin ƙofa, shina shiga ciki."

"Kun fitar da kaya?"

"Mabuɗi na wurinka, Maigida."

Jibrilla ya kai hannu aljihu. Ga su nan kuwa, su biyu, sun yi sanyi.

"Ku fasa ƙofar!" ya daka tsawa. "Ka ji ni? Ku nemo mai walda ku yanke ta!"

Shiru. Ya duba wayar. Layin ya riga ya katse, kuma bai san a wace kalma ya katse ba.

Ya sake kira, ya sake, ya sake. Ya ari wayar direbansa, ya ari ta wani fasinja. Babu wadda ta shiga. Ya tsaya a saman mota yana kallon hayin ruwa.

Ba asarar kansa ce kaɗai ke cin sa ba. Rabin abin da ke cikin siton na mutane ne. Akwai wanda ya sayar da bijiminsa ya sayi gero ya kawo. Akwai matan da suka haɗa 'yan kwanukansu har suka cika buhu. Abincin da za su ci kafin sabon hatsi ya nuna ke nan. Kuma ko an buɗe ƙofar, da wace mota za a kwashe? Motarsa tana ƙarƙashin ƙafarsa. A kai ina?

Amsar ɗaya ce, ya kuma san ta. Ya daɗe yana jujjuya ta a ransa kamar mai tauna maɗaci. Daga bisani ya sauko, ya tari ɗan kabu-kabu, ya ce a mayar da shi Isa.

Ya tarar da Alhaji Ɗanmusa a rumfar garejinsa, zaune a kan tabarma da mutane kewaye da shi. Jibrilla ya yi sallama, jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Hira ta tsaya cak. Babu wanda bai san abin da ya shiga tsakaninsu ba.

Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Yau kuma Baba nike?"

Wani a gefe ya yi tari. Jibrilla ya sunkuyar da kai. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ruwa ba ya jiran mai kunya.

"Baba, na yi maka laifi, na sani. Ruwa ya shiga sito. Hanya ta yanke, mota da mabuɗi duk suna wurina. Ba ni da kowa can da zai iya."

Alhaji Ɗanmusa ya ɗauki carbinsa ya aje, ya sake ɗauka. Jiran nan ya yi wa Jibrilla tsawo fiye da hanyar da ya biyo.

"Kayan wa ke ciki?"

"Rabi nawa. Rabi ajiyar mutane."

Dattijon ya miƙa hannu aka ba shi wata tsohuwar waya mai layin Nijar, wadda takan kama in sauran sun ƙi. Ya kira Hafizullahi, wakilinsa da ke kula da motocinsa a Sabon Birni, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Hafizu, kana ina?"

Hayaniya da ƙarar ruwa suka cika rumfar. "Alhaji, ga ni bakin siton Jibrilla. Tun hantsi nike nan."

Jibrilla ya ɗago kai da sauri.

"Da na ga gulbi ya haura, sai na ɗage tafiyar iyakar Nijar," Hafizullahi ya ci gaba. "Na sauke kayan da munka yi lodi, na taho da mota biyu da 'yan dako. Mai walda ma ga shi nan da injinsa. Amma Talha ya tsaya gaban ƙofa ya hana. Ya ce maigidansa bai ce ba. Motocin ma a titi munka bar su, ya ce an hana su shiga fili. Na yi magiya har na gaji, Alhaji. Ruwa ya kai ƙwauri."



Tun hantsi. Tun kafin ruwa ya taɓa buhu ɗaya, mota da mutane da mai walda suna bakin ƙofarsa. Babu abin da ya tare su sai maganar bakinsa.

"Baba," in ji Jibrilla, "kai ka tura shi?"

"Yanzu nika ji, tare da kai," in ji dattijon. "Abincin mutane na cikin ruwa, ya tsaya jiran izinina? Da haka yake da ban aje shi wurin ba." Ya miƙa masa wayar. "Karɓi. Yi magana da mutuminka."

Aka kai wa Talha waya.

"Talha, ni ne. Ku yanke ƙofar. Motoci su shigo."

"Maigida..." in ji Talha. "Don Allah ka maimaita da ƙarfi. Ga jama'a nan, su ji da kunnensu kai ka ce. Kada gobe a ce ni na yi gaban kaina."

Jibrilla ya rufe ido. Mutumin nan yana tsaye cikin ruwa, dukiya na nutsewa a bayansa, amma abin da ya fi tsoro shi ne maigidansa.

"Jama'a ku shaida," ya ce da ƙarfi, a gaban mutanen Isa da na Sabon Birni baki ɗaya. "Ni Jibrilla na ce a yanke ƙofar."

Daga nan sai jira. Ba abin da ya fi shi wuya ga mutumin da ya saba komai sai da hannunsa.

Injin mai walda ya ƙi tashi, ruwa ya taɓa shi. Sai da aka ɗora shi a bayan mota aka goge, aka yi ta ja. Da ya tashi, akwatin ƙarfen da Jibrilla ya yi alfahari da shi ya ƙi yankuwa da wuri. Layi ya katse, ya dawo, ya sake katsewa. Aka kira la'asar, suka yi salla, Jibrilla bai san abin da ya karanta ba.

Suna sallamewa waya ta yi ƙara. Talha ne, yana haki.

"Maigida, an buɗe. Ruwa ya kai gwiwa ciki. Layukan buhuna na ƙasa sun tafi. Buhunan sun fara kumbura, tarin na karkata, in ya rushe ba mai iya shiga. Ba za mu iya kwashe duka ba. Wakenka na ɗaki na dama, ajiyar mutane na hagu. Wanne za mu fara?"

Bakin Jibrilla ya buɗe. Waken nan shi ne jarinsa, shi ne ribar shekara. Ya so ya tambayi tsawon ruwa a dama, ya tambayi wane tari ya fi karkata, ya tsara musu komai dalla-dalla kamar yadda ya saba. Amma kowace tambaya lokaci ce, kuma daga rumfar nan ba ya ganin komai sai tabarma.

Ya dubi Alhaji Ɗanmusa. Dattijon ya kawar da kai, ya bar shi da kayansa.

"Talha."

"Na'am, Maigida."

"Kai ke wurin, kai ke gani. Yi abin da ka ga ya dace. Duk abin da ya biyo baya, ni ne."

Sai Talha ya ce, "To." Kafin layin ya katse, Jibrilla ya jiyo shi yana ɗaga murya yana rarraba mutane, da wata irin murya da bai taɓa sanin yana da ita ba.

Washegari ruwa ya lafa, masu kwalekwale suka fara fito. Jibrilla ya haye, ya wuce kai tsaye ɗakin ajiyar Ɗanmusa da ke tudu.

Buhuna ne jere har rufi. Ya bi su yana duba alamomin da masu su suka yi da shuni da gawayi. Kusan duk ajiyar mutane ce. Nasa kaɗan ne a lungu.

Ya gangara siton. Tun daga nesa warin jiƙaƙƙen wake ya tare shi. Tarin dama ya rushe cikin ruwa, buhuna sun fashe, wake ya kumbura ya bazu cikin laka. Ƙofar ƙarfen na jingine a bango.

Talha na tsaye a gefe, idanunsa jajur, ƙafafunsa duk yanka. Sauran ma'aikata suka ja baya suna kallo.

"Maigida, ni na ce a fara da na mutane," in ji Talha, kansa a ƙasa. "Kafin mu juyo kan naka, ya rushe. In akwai hukunci, ni kaɗai ne, ba ruwan sauran."

Jibrilla ya dubi waken. Shekarun wahalarsa ne kwance cikin taɓo. Ma'aikata suka ga yadda muƙamuƙinsa ke motsi.



"Da ni ne nan jiya," in ji Jibrilla a hankali, "wallahi da nawa za ni fara fitarwa. Gara da ba ni nan." Ya dafa kafaɗar Talha. "Je ka a wanke maka ƙafafun nan."

Abin bai tsaya nan ba. Layukan ƙasa na ajiyar mutane sun lalace tun kafin a buɗe ƙofa, kuma kowa a gari ya ji dalili. Jibrilla ya sayar da motarsa, ya haɗa da ɗan abin da ya tsira nasa, ya sayi hatsi a tsadar damina don ya cika wa kowa buhunsa. Ya koma wurin Alhaji Ɗanmusa, suka zauna da shaidu suka sake ƙulla hulɗa: dako na Ɗanmusa, ajiyar damina a tudu, kowa ya san haƙƙinsa da iyakarsa.

Sannan ya aika a kira masu ajiya.

Suka taru a gaban ɗakin tudu. Ya tsaya ya gaya musu abin da ya faru ba tare da ya ɗora wa ruwa laifi ba. Ya ce ga kayansu cif, wanda ke son ɗauka ya ɗauka.

Da yawa suka ɗauka. Aka yi ta ɗora buhuna a amalanke da babura, wasu ko sallama ba su yi masa ba. Yana tsaye yana kallon amanar da mahaifinsa ya tara tana fita buhu-buhu.

Can wata tsohuwar Bafulatana daga rugagen Kurawa, ana ce mata Inno, ta matso tana dogara sanda. Buhunanta na cikin waɗanda ruwa ya ci aka sake mata. Ta sa aka kwance ɗaya, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo geron ta shinshina, ta tauna 'yan ƙwayoyi.

"Wanga ya fi wanda na kawo kyau," ta ce.

"Haƙƙinki ne, Inno."

Ta dube shi ido cikin ido. "An ce mutuminka ya tsaya cikin ruwa shina tsoronka ya fi tsoron gulbi."

"Haka ne, Inno."

"Mu ko saniya ba mu yi mata haka. Wadda ke tsoron makiyayi, ranar da kura ta zo ba ta sanin inda za ta gudu." Ta juya ga masu ɗaukar kaya. "Ku ɗora rabi. Rabi ku mayar ciki."

Jibrilla ya ce, "Inno, kin yarda ki bar shi wurina?"

"Ban yarda ba tukuna, ɗana," in ji ta, tana gyara zanenta. "Shi ya sa rabi ne."

Darasi: Shugaban da ya mulki mutanensa da tsoro ya ɗaure hannun da zai cece shi ranar da ba ya nan. Ka ba na ƙasa da kai amana da ikon yanke shawara tun ana zaman lafiya, kada ka hukunta wanda ya yi abin kirki don kawai bai jira bakinka ba. Kuma kada ɗan buɗin da ka samu ya sa ka yanke hulɗa da abokin sana'ar da aka gina kasuwar tare da shi, domin ba kowa ne zai same shi da zuciya irin ta Alhaji Ɗanmusa ba. In kana da shago, kamfani ko ma'aikaci ko da guda ɗaya ne, ka tambayi kanka: in yau hanya ta yanke da ni, mutanena za su iya motsi? Ku tura wa 'yan kasuwa da shugabannin da kuka sani, wataƙila wani ya gyara tun ruwa bai kai masa ƙofa ba.